Sharhi Kan Aikin Masu Binciken Amfani da Makamashi a Masana'antu

Akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce su shiga masana'anta ko ofis su auna inda wutar lantarki da mai da ruwa suke tafiya, sannan su rubuta wa mai wurin rahoto kan abin da ya kamata ya gyara. Masana'antarmu ta sarrafa robobi, wadda ba ta cikin manya, ta ba irin wannan kamfani aiki, kuma a ganina kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai dai amfanin ya fito ne daga awon da aka yi, ba daga kaurin rahoton ba.

Injiniyoyin sun fara ne da karɓar takardun kuɗin wuta na shekarar da ta gabata, suka ɗaura ƙananan mitoci a kan wayoyin da ke kai wuta ga kowane sashe, suka bar su suna naɗar bayanai dare da rana har da ranakun hutu. Tsarin da suka bi shi ne na ISO 50002, ƙa'idar binciken makamashi da aka fitar a 2014 domin ta tafi tare da ISO 50001, ƙa'idar tsarin kula da makamashi ta 2011. Abu na farko da mitocin suka tona shi ne cewa ana shan wuta mai yawa a lokacin da babu ko ma'aikaci ɗaya a bakin aiki, kuma injin matsa iska ne ke shan mafi yawanta, domin yakan tashi da kansa ya cike gurbin iskar da ke zurarewa daga bututu.

A nan ne ƙwarewarsu ta fi bayyana. Bayan an kashe sauran injuna, ɗayansu ya bi bututun iska gaɓa bayan gaɓa, yana riƙe da na'ura mai kama sautin da kunnen mutum ba ya ji, kuma duk inda ya tarar da yoyo sai ya rataya jar takarda mai lamba. Yawancin wuraren mahaɗa ce da ta saki ko tiyo da ya tsage, abubuwan da makanikinmu ya gyara ba tare da an sayi wani injin ba. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta daɗe tana bayyana cewa irin wannan yoyo na iya cinye kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da injin ke matsawa, kuma tun da wutar da ba a ƙona ba hayaƙi ne da bai tashi daga tashar lantarki ba, muhalli ma ya sami rabonsa.

Shawararsu ta biyu ta shafi famfunan ruwan sanyaya injuna, waɗanda ke gudu da cikakken ƙarfi yayin da ake rage ruwan da ke fita ta hanyar matse bawul. Sun ce a sanya musu na'urar sarrafa gudun injin, kuma hujjarsu tana da tushe, domin idan aka rage gudun famfo ko fanka da kashi 20 cikin 100, wutar da yake ci na iya raguwa da kusan rabi. Amma sun yi amfani da wannan lissafin a kan dukkan famfunan, har da wanda aikinsa shi ne tura ruwa zuwa tanki mai tsayi, alhali irin wannan famfo, idan gudunsa ya ragu sosai, ruwan ba zai kai sama ba. Sai da injiniyanmu ya ja hankalinsu kafin suka gyara adadin.

Rahoton kansa ya yi tsawo fiye da kima, kuma an sanya shawarar kafa faifan sola a shafukan farko, ayyukan da ba sa bukatar jari kuwa aka tura su can ƙarshe, tsarin da ban ga dalilinsa ba, ganin cewa rage ɓarna kafin sayen faifan yana rage yawan faifan da za a saya. Batun ruwa da ragowar robar da za a iya niƙawa a mayar cikin injin bai sami fiye da 'yan layuka ba.

Babban giɓin shi ne yarjejeniyar ba ta ƙunshi dawowa a sake awo bayan gyara ba, kuma yoyon iska yakan dawo idan aka daina bibiya. Duk mai niyyar ba da irin wannan aiki ya tabbatar an rubuta awo na biyu a cikin yarjejeniyar, ya kuma tambayi kamfanin tun farko ko yana da alaƙa da masu sayar da kayan da zai ba da shawarar a saya.