Ƙwai, Awara ko Garin Furotin: Me Dattijo Zai Saya Don Riƙe Tsokarsa?

Tun daga shekara 30 tsoka take fara zaizayewa, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara gudu. Jikin dattijo ba ya karɓar furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, da sauri kamar na saurayi, sai an ba shi da ɗan yawa a zama ɗaya, wato giram 25 zuwa 30. Mai nauyin kilo 70 da ke motsa jiki yana buƙatar kusan giram 84 a yini. Da wannan lissafin za a shiga kasuwa.

Ƙwai ɗaya na ɗauke da giram 6 na furotin. Uku da kofin kindirmo sun kusa cika kason safe, kuma ba sa wahalar da mai raunin haƙori. A ganinmu nan ya kamata kuɗin ya fara tafiya, domin karin kumallonmu, koko da burodi, shi ne ya fi ƙarancin furotin.

Waken suya ya fi komai arha: giram 100 na busasshensa na ɗauke da kusan giram 36. Amma awara ruwa ne ya fi yawa a cikinta, yanka biyu ko uku na bakin titi ba za su kai ko'ina ba, ga mai da ta sha a kasko. Gara a sayi ɗanyarta a zuba a miya. Wake na da kusan giram 23 a giram 100, sai dai kumburin ciki kan hana dattijo cin abin da zai isa; jiƙa shi ya kwana a zubar da ruwan yana rage hakan.

Kilishi da busasshen kifi suna da furotin mai yawa, amma gishirin kilishi bai dace da mai hawan jini ba. Ƙuli-ƙuli na taimakawa, a guji wanda aka yi da gyaɗa mai fumfuna.

Garin furotin na gwangwani, wanda ake tacewa daga ruwan madara, yana ba da kusan giram 24 a ludayi ɗaya na giram 30. Amfaninsa ga wanda ba ya iya cin abinci sosai ne. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, sannan a karanta bayan gwangwanin: in furotin bai kai kashi 70 cikin ɗari ba, sitaci da sukari ake sayar maka, musamman masu alƙawarin ƙara ƙiba.

Duk wannan ba ya zama tsoka sai an sa ta aiki: tashi da zama daga kujera, tura bango, ɗaga jarkar ruwa mai lita 5, sau 8 zuwa 12 a jere, zagaye biyu ko uku, kwana biyu ko uku a mako. Tafiya kaɗai ba ta isa. Mai ciwon ƙoda kuwa kada ya ƙara furotin sai likita ya auna ya yanke masa adadi.