Sifikar laftof ta yi shiru: gyara za ka kai ko ta waje za ka saya?

Da hunturun bara laftof ɗina HP ta ɗauke murya ɗif ina tsaka da sauraron karatu. Na kai wa wani mai gyara da ba zan kama sunansa ba, ya jujjuya ta ya ce, "Yallaɓai, aisin sauti ne ya ƙone, sai an taɓa fanel." Aisi (IC) shi ne ɗan guntun na'urar da ke sarrafa sauti, fanel kuwa babban allon da ke cikin kwamfuta. Kwana tara tana hannunsa. Sauti ya dawo, amma kwamfutar ta koma tafiyar hawainiya, da na duba sai na tarar RAM ɗina, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke aiki da ita, mai giga 8 ya zama 4. Daga baya yaron shagon ne ya tsegunta min cewa ƙura ce kawai ta toshe ramin iyafis. Tun daga ranar, duk zaɓin da zai sa a kwance min kwamfuta a bayan idona sai na tura shi ƙarshen layi.

Kafin ka zaro ko sisi, danna alamar sifika da ke kusa da agogo ka ga inda Windows ke tura sautin. Idan ka taɓa jona ta da talabijin ta wayar HDMI, ko akwai iyafis na Bluetooth da ke kunne a cikin jaka, sau da yawa can muryar take tafiya. Sannan ka soka iyafis mai waya. In ka ji sauti a kunne, aisin yana lafiya, matsalar tana ga sifikar ciki, ko siririyar wayarta, ko ramin kansa. Ramin nan mai milimita 3.5 yana da ɗan makunni a ciki wanda ke shaida wa kwamfuta an soka iyafis, ita kuma ta yanke sifika. Ƙurar Kano tana iya maƙale shi. Kashe kwamfutar, ka share ramin a hankali da tsinken sakace, ban da ƙarfe. In kuwa ko a iyafis shiru ne, shiga Device Manager na Windows ka cire direban sauti, wato manhajar da ke tafiyar da aisin, galibi na kamfanin Realtek ne, ka kashe kwamfutar ka sake kunna ta. Windows kan mayar da shi da kanta.

To, in duk wannan bai yi ba, ni dai abin da nake saya shi ne ƙaramar sifika mai igiyar USB guda ɗaya tal. A kula, iri biyu ne a kasuwa kuma kwalinsu kusan ɗaya. Akwai mai igiya biyu: USB ta ba ta wuta, ɗaya igiyar ta shiga ramin iyafis ta ɗauko sauti. Wannan tana dogara da aisin kwamfutarka, in shi ne ya mutu ka yi asarar kuɗinka, kuma wasu sukan yi ƙugi da zarar ka jona caja. Mai igiya ɗaya kuwa tana ɗauke da nata aisin a cikinta, babu ruwanta da fanel ɗinka ko ramin da ya toshe. Kana sokawa Windows za ta gane ta. Ba batir balle ya kumbura da zafin bazara, ba neman wurin caji in an ɗauke wuta, kuma babu wanda zai kwance maka ko noti ɗaya. Tawa tana cin kafar USB guda, ita ce kaɗai hasarar, ga ɗan ƙarin nauyi a jaka. In kana da tsohuwar sifika mai kyau a gida, akwai ɗan mitsitsin katin sauti na USB mai ramuka biyu, aikinsu ɗaya kuma ya fi araha.

Ta Bluetooth a bar wa masu zaman majalisa: caji kullum, kuma a bidiyo baki kan riga murya. Iyafis yana fid da kai kaɗai, ba ya yi wa malamin da zai kunna wa ɗalibai darasi. Canza sifikar ciki shi ne ya fi tsafta in ƙarar tana kakkarcewa, alamar ta fashe, abin da kan samu masu tura ƙarar VLC, manhajar kallon bidiyo, sama da 100. Amma a canza a gabanka, kuma ka san yawancin abin da za a sa maka cirowa aka yi daga wata matacciyar laftof.

Sai batun jabu, wanda shi ne ya fi ci min rai. Kafar USB volt 5 take bayarwa, a ƙa'ida ta 2.0 ba ta wuce wat 2.5, ta 3.0 mai shuɗin ciki wat 4.5. To ta ina sifikar da ke shan wuta daga nan za ta fitar da wat ɗari-ɗari da ake rangaɗawa a kwali? Nemi adadin wat da aka rubuta RMS a gefensa, shi ne ƙarfin gaske. Wanda aka rubuta wa PMPO adon kwali ne. Haka masu tambarin JBL da ake sayarwa a kuɗin da bai kai rubu'in na asali ba, sunan kawai ka saya. Wasu kuma a kwali hoton igiya ɗaya ne, ka buɗe ka ga biyu.

Saboda haka ko kasuwar Farm Centre za ka ko Beirut Road a Kano, tafi da laftof ɗinka a jaka. A buɗe kwalin a gabanka, a jona a taka kwamfutar, ba a wayar mai shago ba. Kunna maganar mutum, wa'azi ko labarai, domin kiɗa yana rufe aibin sifika. Ƙure ƙarar, ka jona caja ka saurara, ka ɗan girgiza igiyar a gindinta ka ji ko za ta yanke. Ku yi magana kan canji kafin kuɗi ya bar hannunka, a rubuta a rasit. In kuma dole sai an bar kwamfutar a shago, ɗauki hoton shafin da ke nuna RAM da girman hadis (hard disk) da lambar da ke ƙasan laftof ɗin, ka nuna wa injiniyan ka ce, "Malam, ga yadda na kawo ta."