Gilashin kyamara mai tsada da mai araha

Ɗauki gilasan Canon guda biyu, dukansu 50mm: RF f/1.2L da ya fito a 2018, da RF f/1.8 na 2020. Kuɗin na farkon ya ninka na ƙanensa kusan sau goma.

Me aka biya? Haske, da farko. Idan ka buɗe babban a f/1.2 (lambar f ma'aunin faɗin ƙofar shigar haske ce: ƙaramar lamba, babbar ƙofa), hasken da yake sha ya haura ninki biyu na ɗayan, don haka ko a ɗaki mai duhu-duhu fuska takan fito tas. Abin da ke bayan mutum a hoton kuwa sai ya narke lumui. Amma yana da wuyar sha'ani: ka saita a ido, mutumin ya ɗan gusa, sai idon ya dushe, gira ta fito raɗau. Ga nauyi, giram 950. Mai wuni yana ɗaukar hoto ya san yadda wuyan hannu ke ƙarewa.

Ƙaramin giram 160 ne kacal, ba shi da kariyar ƙura da yayyafi irin ta babban. Amma in ka rage ƙofar hasken zuwa f/4 da rana, da wuya ka bambance hotunansu. A ganina, wanda ba dare ne lokacin aikinsa ba, ƙaramin ya ishe shi.