Goosebumps ko Labarin Marayun Baudelaire: Wanne Za a Saya wa Ɗan Shekara 10?

Hajiya, kin ce yaronki ɗan shekara 10 yana son labari mai ban tsoro da ban dariya, kuma kin ga jerin littattafai biyu na Turanci a kanti, Goosebumps da A Series of Unfortunate Events, kin rasa wanda za ki ɗauka. Shawarata ki fara masa da Goosebumps, ɗayan kuma ki dakata sai ya ƙara shekara ɗaya ko biyu. Dukansu na 'yan shekara 8 zuwa 12 ne, amma tsoron da ke cikinsu ba iri ɗaya ba ne.

Goosebumps wani Ba'amurke ne ya rubuta shi, R.L. Stine. Ya fara a 1992, kafin ƙarshen 1997 ya fitar da littafi 62. Mutumin nan barkwanci yake rubuta wa yara tun kafin ya koma labarin tsoro, kuma hannunsa bai manta ba. Kowane littafi labarinsa daban, shafi ɗari da 'yan kai, babi gajeru, Turanci mai sauƙi. Dabararsa ita ce ya yanke babi daidai inda hannu ya dafa kafaɗar yaro a cikin duhu, sai an juya shafi a tarar ashe ƙaninsa ne ke tsokanarsa. Haka zai yi ta wasa da hankalin mai karatu har abin tsoron na gaske ya bayyana.

Ga misali, a The Haunted Mask akwai wata yarinya matsoraciya, Carly Beth, wadda 'yan ajinsu suka mayar abin tsokana. Ta samo wata mummunar fuskar roba don ta rama a daren bikin Halloween, wanda yara ke yin shigar ban tsoro a cikinsa. Ta saka, ta firgita kowa, ta ji daɗi, da ta zo cirewa sai ta laluba wuyanta ta rasa inda robar ta ƙare, fatarta ta fara. Muryarta ta canza, halinta ma ya canza. Irin wannan tsoro kamar na Dodo ne a tatsuniya: yara su ƙanƙame juna, su yi dariya, a ce ƙurunƙus, kowa ya je ya kwanta. Yaro ya san fuskar roba ba ta manne wa mutum.

Ɗayan kuwa Daniel Handler ne ya rubuta shi da sunan aro, Lemony Snicket, littafi 13 daga 1999 zuwa 2006, kuma labari ɗaya ne dogo, dole a bi shi a jere. Babu fatalwa a ciki, babu dodo. Yara uku ne 'yan gidan Baudelaire, Violet mai shekara 14, Klaus mai 12, da jaririyar ƙanwarsu Sunny, gobara ta cinye gidansu da iyayensu tun a babin farko. Aka damƙa su ga wani dangi na nesa, Count Olaf, ɗan wasan kwaikwayo wanda ba abin da ke gabansa sai dukiyar da aka bar musu. Ya mayar da su bayi a gidansa, ya mari Klaus, ya saka Sunny a kejin tsuntsu ya rataye ta a saman hasumiya, duk don ya tilasta wa Violet ta aure shi a cikin wani wasan kwaikwayo da ya shirya ya zama aure na gaske a doka. Yarinyar ta kuɓuta ne da ta sa hannu a takardar da hagu, alhali da dama take rubutu. A littafi na biyu kuma Olaf ya kashe kawun da ya riƙe su da amana.

Kin ga ke nan. Cin dukiyar maraya ba tatsuniya ba ce a wurinmu, yaro ɗan shekara 10 ya ji ana maganarsa, wataƙila ma ya gani. Abin da ya fi ci wa mai karatu rai shi ne manyan da ba sa sauraro. Olaf yakan ɓad da kama ya dawo, yaran su gane shi nan take, amma Mista Poe, ma'aikacin bankin da ke kula da gadonsu, sai dai ya yi ta tari a hankici yana cewa sun cika zargi.

Dariyarsa ma ta masu wayo ce. Mai ba da labarin tun daga bangon littafi yake roƙon a ajiye shi a nemi wani mai daɗi. A littafi na uku akwai wata gwaggo Josephine da ke tsoron murhu da wayar tarho da mariƙin ƙofa, amma ko ana cikin bala'i sai ta tsaya gyara wa mutum nahawu. Yaron da Turancinsa bai nuna ba, rabin wannan zai wuce shi.

Idan maganar iya rubutu ake yi, Snicket ya fi, nesa ba kusa ba. Goosebumps kam in yaro ya karanta goma zai fara faɗa miki ƙarshen labari tun daga tsakiya, kuma akwai fatalwa da tsafi da la'ana a cikinsa, waɗanda ya kamata ki gaya masa ƙirƙira ce kawai. Sai dai ga yaron da ake son ya saba da kai littafi ƙarshe shi kaɗai, da wuya a samu kamarsa, ga shi ba sai kin sayi jerin duka ba. Ki ɗauko biyu ko uku ki ga kamun ludayinsa. Ki tsallake na farkon dai, Welcome to Dead House, don ya fi sauran duhu, har karen gidan bai tsira ba.

In lokacin marayun Baudelaire ya yi, ku karanta littafin farko tare, saboda zancen auren nan zai jawo tambayoyi. Idan kuma akwai maraya a gidan, ki fara karantawa ke kaɗai kafin ki miƙa.