Hattara da mai tallar filtar "goge hasken birni"

'Yan'uwa masu kwana a waje da kyamara don ɗaukar hoton nebula, wato gajimaren iska da ƙura da ke can tsakanin taurari, ku yi hattara da wani mutum da ke tallar filta, gilashin da ake ɗaura wa kyamara don tace haske, a shafukan sada zumunta. Ni dai ya ci kuɗina. Ba zan wahalar da ku da sunan shagonsa ba, don sau biyu ya canza shi tun bayan cinikinmu. Salon damfarar ne bai canza ba.

Cewa yake filta ɗaya ce tal, ka ɗaura wa kowace kyamara, ka buɗe ta daƙiƙa 30, sai nebula ta fito da launukanta ko da a tsakiyar birni kake. Inda nake, sama fari-fari take da dare, mataki na 8 a ma'aunin hasken sama da dare mai hawa 9 da John Bortle ya fitar a 2001. Wanda ya shekara yana fama da irin wannan sama ya san yadda maganar take da daɗin ji. Kwaɗayi ya ja ni, na biya.

Da kayan suka iso, tun a hannu jikina ya yi sanyi. Gilashi ne kawai mai launin ruwan hoda, zobensa ma ba ya kama bakin kyamara sosai. Filta ta gaskiya mai tace siririn haske, in ka karkata ta, sheƙi take kamar madubi, in kuma ka leƙa farar fitila ta cikinta sai ka ga ta dushe ƙwarai. Wannan kuwa da na ɗaga ta saitin ƙwan ɗakina, hasken na nan daram, launi kawai ya sauya. Duk da haka na ba ta dare uku a kan nebular Orion, M42, wadda ko ba filta tana fitowa. Sakamakon? Sama ta koma ruwan hoda, ƙananan taurari suka ɓace.

Ga abin da ya kamata in tuna tun farko. Nebula mai fitar da haskenta da kanta tana yi ne a wasu 'yan tsirarun layuka, wato takamaiman launuka da ake auna tsawon zangonsu da nanomita: haidurojin a 656.3, iskar oksijin a 500.7, sulfa a wajen 672. Aikin filta ta ƙwarai shi ne ta bar ƙofa 'yar ƙarama, faɗin nanomita 7 ko 3, a daidai layukan nan, ta toshe saura. Tsofaffin fitilun titi na sodiyam haskensu ya taru ne a wajen 589, shi ya sa toshe su ke da sauƙi. Fitilun LED na yanzu kuwa haskensu ya bazu a kusan dukkan launuka, babu wani layi ɗaya da za a yanke a huta. Kuma akwai abubuwan da filtar siririn haske ba ta yi musu amfani sam. Shuɗin ƙurar da ke kewaye da taurarin Kaza Mai 'Ya'ya hasken taurarin ne take mayarwa, ka tace shi ka tace hoton gaba ɗaya. To hoton Kazar ne ma a sahun farko na tallar mutumin, shuɗi shar. Na gani, ban yi tunani ba.

Kashi na biyu ya fi ciwo. Da na yi ƙorafi, sai ya ce ai laifin gyarana ne, in turo masa hotunan in ƙara wani abu, shi zai sarrafa min. Na tura. Ko awa ɗaya ba a yi ba ya dawo min da hoto mai ɗaukar ido, har na fara jin kunyar zarginsa. Sai da na zuƙo shi sosai na ga kowane babban tauraro da tsinke huɗu. Waɗannan tsinkayen daga sandunan da ke riƙe da ƙaramin madubi a cikin teleskof suke fitowa, nawa kuwa mai gilashi ne zalla, babu sanda ko ɗaya a cikinsa. Na ɗora hoton nasa a kan nawa, sai ga taurari a gefe waɗanda kyamarata ba ta ma kai gare su ba. Hoton wani ya ɗauko ya ba ni. Na ce ya turo fayil ɗin da ya haɗa daga hotunana kafin gyara, nan take ya toshe ni.

Daga baya na saka sauran hotunan tallarsa a manhajar binciken hoto. Ɗaya daga ciki ginshiƙan ƙurar nan ne na nebular M16 da teleskof ɗin Hubble ya ɗauka a 1995, ya rage masa kaifi kaɗan don ya yi kama da aikin gida.

Duk wanda ya tallata muku filta, ku nemi jadawalin da ke nuna layukan da take bari su wuce da faɗinsu. Ku nemi ɗanyen fayil na RAW ko FITS, don a cikinsa akwai sunan kyamara da tsawon buɗewa da ranar ɗauka. Ku tambaye shi awa nawa ya tara. A sama mai hasken birni, hoto mai kyau sa'o'i yake ci, kuma sai ka ninka lokacin sau huɗu kafin tsabtar hoton ta ninka sau biyu. Haɗa hotunan su zama ɗaya ma ba sai kun biya kowa ba, manhajojin Siril da DeepSkyStacker kyauta ne.

Na kai ƙarar shafin, an rufe shi. Shekaranjiya na ga sabo ya ɓullo da wani suna, da hoton Kazar nan dai, sai dai ya juya shi hagu ya koma dama.