Sharhi kan hoton jijiyoyin ƙafa da aka yi wa mahaifina a wata cibiyar gwaji a Gombe

Na kai mahaifina wata cibiyar gwaje-gwaje mai zaman kanta a cikin garin Gombe domin a yi masa hoton Dofla, wato hoton da ke nuna yadda jini ke gudu a jijiyoyin jinin ƙafa, kuma zan fara da yabo, domin mutumin da ya riƙe na'urar ya cancanci a yaba masa. Baba ya haura shekara 65, yana da ciwon suga da hawan jini, kuma ya daɗe yana shan sigari kafin Allah ya raba shi da ita. Daga gidanmu a Bolari zuwa masallacin unguwa sai sha-raɓarsa ta hagu ta ɗaure, ya tsaya na 'yan mintuna, ciwon ya sake shi, ya ci gaba da tafiya, ya sake kama shi. Dangi sun yi ta cewa sanyi ne, aka yi ta shafa man zafi a banza, har sai da likitan da ke duba sugansa ya taɓa bayan gwiwa da saman ƙafar, bai ji bugun jini yadda ya kamata ba, ya rubuta mana wannan hoton.

Mai hoton bai yi gaggawa ba ko kaɗan. Ya fara auna hawan jini a damtse, sannan a idon sawu, ya ce ana raba na ƙafa da na hannu, idan amsar ta kai 0.9 ko ƙasa da haka, alama ce jini ba ya isa ƙafar sosai. Ta dama ta fito lafiya, ta hagu kuwa 0.6. Daga nan ya bi jijiyar da kan na'urar tun daga matsematsi har gwiwa, ya tsaya a ƙasan cinya, ya juyo mana da allon, ya ce, "Baba, ga inda matsalar take." Ya bayyana cewa kitse ne ya taru a bangon babbar jijiyar da ke kai jini daga cinya zuwa ƙasa har hanyar ta tsuke, kuma a daidai wurin jini yana ƙara gudu kamar ruwan tiyo idan an danne bakinsa da yatsa, shi ya sa ƙarar da na'urar ke yi ta canza. Idan mutum yana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya isa, amma da zarar ya fara tafiya sai naman sha-raɓa ya nemi fiye da abin da ke zuwa, nan ne ciwon yake tashi. Ban taɓa ganin Baba ya saurari ma'aikacin lafiya da natsuwa irin ta ranar ba, kuma na fito ɗakin ina ganin kuɗin da na biya bai tafi a banza ba.

Amma likita ba ya ganin mai hoto, takarda yake gani, kuma a kan takardar ne cibiyar nan ta ba ni kunya. An ce a dawo washegari, aka dawo ba ta fito ba, aka sake ɗaga mana rana. Da ta fito na kai wa likita, sai ya karanta, ya ɗago kai ya tambayi Baba wace ƙafa ce ke masa ciwo. An rubuta tsukewar a ƙafar dama, an rubuta ta hagu lafiya lau. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, domin da irin wannan takarda ake tura mara lafiya wurin likitan tiyatar jijiyoyi idan abin ya kai ga a buɗe hanyar da balan-balan, ko a saka ƙarfen da zai riƙe ta, ko a yi wa jini wata hanya ta kewaye. Da na koma na nuna wa ma'aikaciyar da ke kula da kantar cibiyar, ko kallon takardar ba ta yi ba, ta ce mini, "Alhaji, ai likita zai gane." Da na matsa, sai aka ce sai dai a sake hoton, mu sake biya. Sai da na tsaya har mai hoton ya fito, ya buɗe hotunan da ya ajiye, ya tabbatar cewa mai bugawa ne ya juya ƙafafun, sannan aka gyara, kuma shi kaɗai ne ya ba Baba haƙuri a duk gidan.

Ina tsaye a wurin ne ma na tuna wani abu da na kau da kai a kansa ranar farko. A kan kantar nan suna sayar da doguwar safa mai matse ƙafa, kuma an tallata wa Baba ita tun kafin ya shiga ɗakin hoto, wai tana maganin duk ciwon ƙafa. Likitanmu ya hana ta da kakkausar murya. Safar ta masu kumburi ce da masu matsalar jijiyoyin da ke mayar da jini sama, amma ƙafar da jini ba ya isa, matse ta ƙara toshe ta ne, ballantana ga mai ciwon suga wanda ƙaramin rauni a yatsa zai iya ƙin warkewa. Bai dace a ce wurin da ake gano wannan cuta shi ne yake sayar wa masu ita abin da zai cutar da su ba, kuma wannan ya fi jinkirin takardar ɓata mini rai.

Yanzu Baba yana kan asfirin da maganin rage kitse a jini, ana lura da suga da hawan jini, domin likita ya ce wanda jijiyar cinyarsa ta tsuke yana cikin haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. An ɗora shi a kan tafiya ta minti 30 zuwa 45 aƙalla sau 3 a mako: ya yi tafiya har ciwon ya taso, ya huta, ya ci gaba, saboda ƙananan jijiyoyin gefe su ƙara ɗaukar jini. An hana shi gasa ƙafa da ruwan zafi da yawo ba takalmi, an kuma ce idan ciwon ya fara tashinsa daga barci ko yatsa ya canza launi mu taho asibiti nan take.

Gano cutar da aka yi daidai aikin mai hoton ne, kuma ba zan rage masa komai ba. Cibiyar kuwa, duk wanda zai je ya karanta takardarsa a gabansu, ya duba dama da hagu kafin ya fita ƙofa. Na nemi a tabbatar mini an gyara kwafin da ke cikin kwamfutarsu, tun da shi za a kwatanta da hoton gaba, aka ce mai kula da ita ya fita. Idan likita ya sake buƙatar hoton, wani wuri zan kai Baba.