Wata huɗu ina sa hodar ido a ƙarƙashin gashin idona na ƙasa

Idona mai saurin kawo ruwa ne. Iska kaɗan ta kaɗa, ko na daɗe ina kallon kwamfuta, sai hawaye ya taru. Na yi shekaru ina zizara kwallin fensir a cikin ido, a jiƙaƙƙen bakin nan da ke tsakanin gashin ido da ƙwayar ido, kuma kullum labarin ɗaya ne. Da safe ido ya fito raɗau, kafin rana ta take baƙin ya gangaro ya taru a ƙuryar ido kamar kwantsa, sauran kuma ya dame ƙasan idon har a riƙa tambayata ko ban samu barci ba. Ga raɗaɗi da yamma, ga ja.

Yayata ce ta gaji da ganina ina goge ido da tsinken auduga. Ta ce, "Ke ƙanwata, ki bar cusa abu a cikin idon nan haka. Ki fito da shi waje, ki sa hoda a ƙarƙashin gashin da ɗan ƙaramin buroshi." Na ce, "Yaya, hoda ai zubowa za ta yi." Ta ce, "In ta zubo, hannunki ne ya yi nauyi." A ranar ban yarda da ita ba, amma na je na nemo abin da ta ce: ɗan akwatin aishado, wato hodar ido, mai launi tara, da buroshi guda mai tsinin baki kamar fensir, gashinsa gajere, a cure. Yau wata huɗu ke nan ina amfani da su kusan kullum.

Shida daga cikin launukan ba su da ƙyalli: ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske, ruwan ƙasa mai duhu, ruwan makuba, ruwan toka da baƙi. Biyu masu ƙyalli ne, ɗaya ruwan zinariya ɗaya ruwan tagulla. Na taran ja ne mai tsananin kyau, zan dawo kansa.

Ranar farko ban ji daɗi ba. Na ɗauki ɗan soson da ya zo a cikin akwatin, na dangwalo baƙi, na ja shi tun daga wannan ƙurya har waccan. Garin ya zubo mini a kumatu, layin ya yi kauri, idon ya ƙanƙance ya yi nauyi kamar na wadda ta sha kuka. Da na goge sai ya ƙara damewa, dole na wanke fuskar gaba ɗaya. Soson nan ba na wannan aikin ba ne, ya yi faɗi, kuma yana kwasar hoda fiye da abin da wurin zai ɗauka. Tun daga ranar na ajiye shi.

Sai a mako na biyu hannuna ya faɗa. Ga yadda nake yi yanzu. Ina ɗaga madubi ya ɗan zarce tsayin idona, in sunkuyar da haɓa, in kalli sama. Da an yi haka fatar ƙasan ido na miƙewa da kanta, ba sai an ja ta da yatsa ba. Wannan yana da muhimmanci, domin fatar ido ce mafi siranta a duk jikin mutum, kaurinta bai kai milimita 1 ba, ba wurin da za a yi ta ja da murza ba ne kullum. Sai in taɓa ruwan ƙasa mai duhu da bakin buroshin kawai, taɓawa ɗaya, in kakkaɓe shi a bayan hannuna. Ba na hura shi da baki, don iskar baki tana tafe da yawu, kuma ido zan kai shi. Ina farawa daga wutsiyar ido, in danna buroshin a gindin gashin, in ɗan motsa shi kaɗan-kaɗan kamar mai susa, ina matsowa ciki. Ba ja nake yi ba, dannawa nake yi. Da na wuce saitin ƙwayar ido kaɗan sai in tsaya, abin da ya rage a bakin buroshin shi nake ƙarasa shafawa wajen hanci, ya ɓace a hankali. Daga nan in haɗe shi da launin fatar sama a wutsiyar ido, don kada ƙasan ya zauna shi kaɗai kamar an zana shi daban. Na ƙarshe in goge buroshin a tsumma, in ɗauko ruwan ƙasa mai haske in bi gefen layin ta ƙasa har kaifinsa ya mutu. Ido biyu ba sa cin minti uku.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne daɗewarsa. Hoda ce fa, babu danƙo a jikinta kamar fensir, amma takan kai ni yamma tana nan inda na sa ta. Da na je a duba mini ido saboda bushewar da nake ji, likitar ta yi mini bayanin da ya warware mini komai. A jere a bakin fatar ido, daidai inda nake zizara fensir, akwai wasu 'yan ƙananan ƙofofi da ke fitar da maiƙo. Ana kiransu da sunan wani likitan Jamus, Heinrich Meibom, wanda ya bayyana su a 1666. Fatar ƙasa tana da kamar 20 zuwa 30, ta sama ta ɗan fi haka. Maiƙon da suke fitarwa shi ke shimfiɗuwa a kan ruwan ido ya hana shi saurin bushewa. To fensirin kwalli da kakin zuma da mai ake haɗa shi, maiƙo kuwa yana narkar da maiƙo. Ga shi mutum na ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, kowace ƙiftawa tana share layin tana tura shi cikin ido. Shi ya sa nawa ba ya zama. Kuma idan ƙofofin nan suka toshe, bushewar ido ke biyo baya, wani lokacin har da kumburi a fatar. Akwai ma wani ƙaramin bincike da Dokta Alison Ng da abokan aikinta suka wallafa a 2015, inda suka ga cewa cikin minti 5 da shafawa, burbushin da ke shiga ruwan ido ya fi yawa da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 idan a ciki aka zizara kwallin, a kan idan a wajen gashin aka sa. Tazarar da ke tsakanin wuraren biyu 'yar kaɗan ce, amma ɗaya jiƙaƙƙe ne, ɗaya busasshe. Ni dai tun da na fito da launin waje, jan idon yamma ya ragu sosai, kuma na daina tsintar baƙin dunƙule a ƙuryar ido.

Kada a ce na yabe shi duka. Hoda ba ta ba da baƙin nan mai kaifi da kwallin cikin ido ke bayarwa, wanda ke sa farin ido ya ƙara fitowa. Abin da take bayarwa inuwa ce mai laushi, kamar gashin ido ya ƙara cika. Makonnin farko na yi kewar wancan kaifin ƙwarai, ina kallon madubi ina jin kamar ban ƙarasa kwalliyar ba. Yanzu na saba, har na fi son wannan, domin idon ya fi buɗewa. Amma wadda ranta ke kan baƙin cikin ido ta sani tun yanzu cewa ba shi za ta samu ba.

Launukan ma ba duka suka yi mini aiki ba. Ni wankan tarwaɗa ce, ƙasan idona kuma yana da ɗan duhu tun asali. Ruwan tokan ya ƙara fito da duhun, fuskar ta yi kamar ta marar lafiya. Ruwan madaran ya yi fari-fari kamar an barbaɗa alli. Baƙin yana da ƙarfi, amma shi ya fi kowanne zubowa, kuma kuskure kaɗan da shi ba ya gyaruwa, don haka ina sa shi ne a wutsiyar ido kawai, ɗigo guda a kan ruwan ƙasa. Wanda ya zauna mini daram shi ne ruwan ƙasa mai duhu da ruwan makuba. Ɗumin da ke cikinsu yana shiga launin fatata ba tare da ya yi kama da datti ba.

Masu ƙyallin nan kuwa, a fatar sama suna da kyau, a ƙasa ban ba su shawara ba. Ƙyallinsu daga wani ma'adini ne da ake kira maika, wanda ake niƙawa ya zama 'yan ɓawo masu sheƙi, kuma na ruwan zinariyar nan ɓawonsa manya ne. Sau biyu na gwada shi a ƙasa. Na farko ya watsu a kumatuna ya shige cikin 'yan layukan ƙasan ido ya fito da su. Na biyu ɗaya ya faɗa cikin idon, na wuni ina jin kamar tsakuwa, sai da na wanke da ruwa mai tsabta sosai kafin ya fita. Garin neman gira ba zan rasa ido ba. Mai sa gilashin nan da ake mannawa a ƙwayar ido ta fi ni buƙatar kiyayewa, domin burbushi na iya maƙalewa a jikinsa.

Jan nan da na ce zan dawo kansa: sai bayan wata guda, ina juya kwalin, na ga wani ƙaramin rubutu a baya da ke cewa wannan launin ba a yi shi don kusa da ido ba. Haka abin yake a akwatuna da yawa, domin akwai rinin ja da ruwan hoda da dokar Amurka ba ta amince a sa a kewayen ido ba ko da ta amince da su a kumatu da leɓe, kuma sukan rina fata su bar alama. An dai rubuta gargaɗin, amma da ƙananan baƙaƙen da sai an ƙura ido, a jikin akwatin da kowa ya san don ido aka saye shi. Wannan ya ɓata mini rai. 'Yan uwa, ku riƙa juya kwali kuna karantawa kafin ku yar da shi. A nan ne ma za ku ga hoton ɗan gwangwani da murfinsa a buɗe, da rubutu kamar 12M ko 24M, wato adadin watannin da kayan zai yi bayan an buɗe shi. Nawa 24M ne. Lambobi irin su CI 77491, CI 77492 da CI 77499 kuwa launukan tsatsar ƙarfe ne, ja da rawaya da baƙi, su ne ginshiƙin yawancin ruwan ƙasa, kuma an amince da su a kewayen ido.

Abu biyu na koya da wahala game da zamansa. Idan konsilar da na sa a ƙasan ido, wato kirim ɗin rufe duhu da tabo, ba ta bushe ba, hodar sai ta kama wuri-wuri, nan duhu can haske, kuma ba ta ƙara bajewa. Sai na fara danne konsilar da hodar fuska kaɗan, sannan launin ya tafi sumul. Ranar da zan sa mai duhu sosai kuwa, da ido nake farawa, in share abin da ya zubo, sannan in yi sauran fuskar. Na biyu, ranar zafi da gumi takan fara kwancewa daga wutsiyar ido bayan awa 6 ko 7, musamman idon hagu da ya fi kawo ruwa. Maganin da na samu shi ne in ɗebo hodar tukuna, sannan in fesa wa buroshin ruwan nan na zaunar da kwalliya sau ɗaya daga nesa. Launin na ƙara duhu, ya kama kamar an lika. Sau ɗaya na yi akasin haka, na sa jiƙaƙƙen buroshi a cikin akwatin, saman hodar ya yi ɓawo mai tauri, sai da na kankare shi.

Buroshin shi ne gwarzon wannan aiki, ko da wace hoda aka haɗa shi. Ina wanke shi duk mako da sabulu marar ƙarfi, in matse, in kwantar da shi ya bushe, ba na tsayar da shi don kada ruwa ya gangara ya saki gam ɗin da ke riƙe gashin. A wanki na farko da na biyu ya zubar da 'yan gashi, daga nan ya tsaya, kuma har yau tsininsa bai baje ba. Ba na ara wa kowa shi, har Yaya da ta koya mini, kuma da hazbiya ta fito mini a wata na uku na ajiye kwalliyar ido gaba ɗaya har ta warke, na wanke buroshin sau biyu kafin na koma. Da dare, auduga da ruwan goge kwalliya, in ɗora a kan ido na ɗan lokaci, in share a hankali, ta fita tas. Fensir sai na yi ta dirza, kuma da safe in tarar da saura.

Ta fuskar dabarar da buroshin, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Akwatin ne ban ga dalilin sake sayen irinsa ba, tunda launi huɗu kawai nake taɓawa a cikin tara. Ruwan ƙasa mai duhun har ƙarfen gindinsa ya fara leƙowa a tsakiya, ruwan toka da ja kuwa suna nan da tambarinsu kamar yau aka buɗe. In ruwan ƙasa mai duhun ya ƙare, shi kaɗai zan nema, guda ɗaya marar ƙyalli, in ƙara buroshi na biyu don in riƙa samun busasshe ranar da na wanke ɗayan.